Kilo Arba'in

Shekara shida ina riƙe da sikeli
a kasuwar auduga ta Kayale,
littafi a hannu, biro a bayan kunne.
Manomi ya ɗora kaya, ya kalli bakina,
babban yatsan ƙafata kuwa yana tallafe da gindin sikeli.
Hamsin ta koma arba'in da shida.
Huɗun nan marayu ne, ni na raine su.

Da su na yi rufin kwano,
da su na sayi jan babur,
da su na ba da baiko ran Lahadi,
ina jan hannu a hankali don a gani.

Maiwale, matar marigayi Jonwe,
ta kawo gumin damina guda a amalanken aro.
Na ci mata kilo arba'in.
Ta ce, "Bana ƙasa ta yi rowa,"
ta rusuna, ta yi mini godiya.

Kuɗin makarantar Dangwe bai cika ba.
Yaron ya tafi Garwa yin acaba,
tirela ta same shi a bakin gadar Binuwai.
Ya dawo gida da sanda biyu
da ƙafar wando guda a naɗe.

Ba wanda ya nuna ni da yatsa.
Da ma an nuna.

Tuwo ya koma yashi a bakina.
In ruwa ya sauko da dare
kwanon rufina sai ya kama ƙidaya,
ɗaya, biyu, har arba'in,
ya sake komawa ɗaya.
Na je rumfar bilbil don in ɓatar da lissafi,
ƙwarya ma ta iya ƙirge.
Ran jibin Ubangiji in gurasa ta iso layinmu
sai in miƙa wa na kusa, in yi kamar tari ya kama ni.
Wata tara ina wannan tarin.

Fasto Irmiya ya same ni a gindin dalbejiya.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya daɗe yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce,
"Wanda ya mutu dominka ya riga ya san jimlar.
Kai ne ba ka karanta masa ba."

Daren nan na buɗe littafin a gaban Yesu,
shafi shafi, suna suna,
har fitila ta shanye manta.
Ran Lahadi na tashi a gaban jama'a,
gwiwoyina suna gaisawa,
na faɗi abin da ƙafata ta yi.

Aiki ya tafi. Babur ya bi shi.
Na cire kwano da hannuna, na mayar da ciyawa.
Gida talatin da ɗaya na yi wa sallama.
Wani ya zage ni har kakana,
wani ya yi dariya ya ce na haukace,
wani tsoho ya kama kaina ya yi addu'a.

Maiwale ta ƙirga kuɗin sau biyu,
ta ƙulle a bakin zane.
"Wannan na auduga ne. Ƙafar fa?"
Na rasa bakin magana.
Ta nuna mini fartanya da haɓa.

Rani biyu ke nan ina dasa mata masakwa.
Dangwe yana gyaran waya a bakin tasha,
har yau bai amsa gaisuwata ba,
ban kuma daina gaishe shi ba.

Lahadin da ta wuce faranti ya biyo benci,
hannun da ya miƙo mini nata ne.
Ba ta dube ni ba,
amma ba ta janye ba.
Na ɗauka.
Ɗan gutsure ne, ko allurar sikeli ba zai motsa ba,
ya fi ƙarfin hannuna, sai da na sa biyu.

Ɗakina yana yoyo yanzu.
Nakan tara kwano a gefen gado
in yi barci har zakara ya gaji da kira.